Kafin a sa diga a ƙasa: yadda ake binciken kufai, da dalilin da ya sa ba komai ake tonewa ba

Mafi yawan mutane in aka ce musu masu binciken kayan tarihi sun je wani wuri, abin da ke zuwa musu a rai shi ne wasu mutane da diga da cebur suna neman tukunyar zinare. Shi ya sa tambayar farko kullum ita ce, me suka samo? Ni kuwa a ganina tambayar da ta fi muhimmanci ita ce a ina suka same shi, a wane zurfi, me ke kusa da shi, me ke samansa me ke ƙarƙashinsa. Domin abin da aka tono shi kaɗai ba ya magana sosai, wurin da ya kwanta shekara dubu ko dubu biyu shi ne ke ba da labari, kuma wannan wurin da zarar an tone shi toh shikenan, babu mai iya mayar da shi yadda yake. Duk dabarun wannan fanni, tun daga yawon duba ƙasa har zuwa ajiye kaya a gidan tarihi, a kan wannan matsala ɗaya aka gina su.

Akwai misalin da ake koya wa kusan duk ɗalibin fannin. A farkon shekarun 1870 wani attajiri Bajamushe, Heinrich Schliemann, ya je tudun Hisarlik a ƙasar Turkiyya ta yau yana neman tsohon birnin Troy, wanda tsofaffin waƙoƙin Girkawa ke ba da labarin yaƙinsa. Ya yi imani birnin yana can ƙasa-ƙasa, sai ya sa ma'aikata suka tsaga tudun da wani ƙaton rami suna zubar da duk abin da suka tarar a sama. Ashe tudun garuruwa ne kusan tara, wani a kan wani, kuma zinaren da ya samo a 1873 ya girmi zamanin da yake nema da kimanin shekara dubu. Wato garin da ya je nema yana cikin abin da ya fasa ya wuce. Har yau masana na ƙoƙarin gane abin da ya ɓata a wannan rami, kuma wani ɓangare ba za a taɓa ganewa ba.

Saboda irin wannan ne yanzu aikin ke farawa tun kafin a taɓa ƙasa. Na farko ana zama a karanta duk abin da aka rubuta a kan yankin, tsofaffin taswirori, rahoton waɗanda suka taɓa zuwa, sannan a je a zauna da mutanen wurin. Wannan na ƙarshen wasu na raina shi amma gaskiya babu na'urar da ta kai shi sauri. Manomi ya san gonar da garma ke yawan fito da tsingaro, makiyayi ya san inda akwai tsohuwar rijiya da ta rufta, dattijo ya san inda kakanni suka ce nan ne garin yake kafin a tashi. In ka duba manyan abubuwan da aka gano a duniya da yawansu ba masana ba ne suka fara gani. Sojojin yumɓu na ƙasar Sin, manoma ne masu haƙa rijiya suka ci karo da su a 1974 kusa da Xi'an. Kwale-kwalen Dufuna a jihar Yobe, wani makiyayi ne mai haƙa rijiya ya taɓo shi a 1987. Kayan tagulla na Igbo-Ukwu ma haƙar ramin tara ruwa ce ta fito da su a ƙarshen shekarun 1930.

Bayan nan sai yawon duba ƙasa. Mutane suna jeruwa a layi, tsakanin kowa da kowa kamar mita goma ko ashirin, suna tafiya a hankali ido a ƙasa, duk wanda ya ga tsingaro ko kashin ƙarfe na tsohuwar maƙera ko dutsen niƙa ko dutsen ado na wuya sai a tsaya a ɗauki lambar wurin da GPS a rubuta. Ba wai ana neman abu ɗaya mai kyau ba ne, ana so a ga inda kaya suka yi yawa da inda suka fara raguwa, domin da haka ake gane iyakar gari. Aiki ne mai gajiyarwa kuma yana da yaudara a ciki. In an zo lokacin da ciyawa ta rufe ƙasa ba za a ga komai ba sai a rubuta cewa babu kufai alhali yana nan. In wurin gangare ne, ruwa na iya kwaso tsingaro daga tudu ya tara a kwari sai a zaci kwarin ne mazaunin. In kuma kogi ya shekara ɗaruruwa yana zuba laka to garin na iya kasancewa mita uku a ƙasa ba alamar komai a sama. Shi ya sa mai bincike na gaskiya yana rubuta har yanayin ciyawa da lokacin shekara da ya yi yawon, saboda wanda zai karanta rahoton ya san iya abin da ido zai iya gani a ranar.

Daga sama kuma ana ganin abin da mai tafiya a ƙasa ba ya gani. Inda akwai tsohon rami da ya cike, ƙasar wurin ta fi riƙe ruwa, sai shuka ta fi tsawo da kore. Inda akwai harsashin bango a binne, saiwa ba ta samun shiga, sai shukar ta ƙanƙance ta riga sauran bushewa. Mutum na tsaye a gonar ba zai lura ba, amma daga sama sai ka ga zanen da'ira ko murabba'i ɓaro-ɓaro. A fari da aka yi a Turai a 2018 wani jirgi marar matuƙi ya ɗauko hoton wata babbar da'ira ta zamanin da kusa da Newgrange a ƙasar Ayalan, a gonar da aka daɗe ana nomawa. Haka hotunan leƙen asiri na tauraron ɗan adam da Amurka ta ɗauka tsakanin 1960 da 1972, da aka sake su ga jama'a a 1995 sai suka zama taska ga masu binciken Siriya da Iraƙi, domin suna nuna tuddai da tsofaffin hanyoyi kafin madatsun ruwa da manyan gonaki da faɗaɗar birane su cinye su.

Inda daji ya yi duhu kuwa hoto ba ya aiki, sai lida. Ita wannan na'ura ce da ake ɗora wa jirgi tana harba hasken leza ƙasa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kaɗan daga hasken na ratsa tsakanin ganye ya taɓa ƙasa ya dawo, sai kwamfuta ta cire bishiyoyin ta bar siffar ƙasar zalla. A 2018 aka sanar da sakamakon irin wannan aiki a arewacin Gwatamala, fili sama da murabba'in kilomita 2,100, inda aka ga gine-ginen mutanen Maya sama da 60,000, har da hanyoyi da ganuwa da gonaki. Abin mamaki ne ƙwarai, amma a kula fa, lida siffa kawai take nunawa. Ba ta san shekarun tudu ba, ba ta bambance kabari da surin gara ba. Dole sai mutum ya taka ya je ya duba.

Wanda ya fi burge ni a cikin dabarun nan shi ne na leƙa cikin ƙasa ba tare da an tona ba, kamar yadda likita ke sa a yi hoto kafin ya yanke shawarar tiyata. Akwai na'urar auna maganaɗisun ƙasa. Dalilin da ya sa take aiki shi ne wuta na canza ƙasa, yumɓun da aka ƙona sosai yana riƙe da ɗan maganaɗisu da ya bambanta da na kewaye, haka ma ramin da ya cike da toka da shara. Sai mutum ya riƙa kai da kawowa da ita a layi-layi a kan fili, kuma dole ya cire duk ƙarfen da ke jikinsa, makulli, waya, bel, har takalmi mai ƙusa, in ba haka ba kansa zai riƙa aunawa. Da yamma a zuba bayanan a kwamfuta sai taswira ta fito fari da baƙi, ga murhu can, ga wurin narka tama, ga layin rami. A Zilum da ke arewa da Maiduguri da irin wannan na'ura aka ga ramin da ya zagaye wani gari mai shekara kusan 2,500, alhali a sama babu wani tudun ganuwa da ya rage. Akwai kuma rada mai shiga ƙasa, ita tana aika igiyar rediyo ta saurari dawowarta, kuma tana iya faɗin zurfin abu. Sai dai kowace da inda take kasawa. Ta maganaɗisu tana rikicewa a inda dutsen wurin ke da ƙarfe ko an zubar da gwangwanaye, rada kuma tana son yashi busasshe, in ta shiga laka mai danshi ko ƙasa mai gishiri sai ta makance. Wanda ya ce maka na'urarsa na ganin komai a ko'ina to bai yi aiki da ita a fili ba.

Sai bayan duk wannan ake zaɓar inda za a tona, kuma yawanci ɗan wuri ne kaɗan. A kafa turaku a ja igiya a fitar da murabba'i, mita ɗaya ko biyu, a sa wa kowanne lamba, a kafa wata alama tabbatacciya da za a riƙa auna zurfi daga gare ta. Cebur na cire ta sama ne kawai, da an iso inda ake so sai a koma cokalin magini da buroshi. Ana kankarewa a hankali ana jawo ƙasar zuwa jiki, kuma hannu kan riga ido gane canji, sai ka ji cokalin ya daina ƙara a kan tsakuwa ya shiga wani abu mai laushi, ka duba ka ga launin ya ɗan yi duhu a zagaye kamar faɗin faranti. Wannan ɗan duhun shi ne inda ginshiƙin ɗaki ya taɓa tsayawa ya ruɓe. In aka samu irinsa guda takwas ko goma a da'ira to ga ɗaki nan, ba bango ba rufi, launin ƙasa kawai. Mai haƙa da diga zai wuce ta kansa bai ma san ya rushe gida ba.

Ƙa'idar da ake bi mai sauƙi ce a baki, abin da ke ƙasa ya riga na sama zuwa. Amma mutane ba sa barin ƙasa ta kwanta lafiya. Wani ya haƙa rijiya ya ratsa zamani uku, wani ya binne mamaci a tsakiyar tsohon juji, wani ya ɗebi ƙasar tsohon bango ya yi sabo da ita da tsofaffin tsingaro a ciki. Ga gara da ɓeraye da saiwar bishiya suna hawa da abu suna saukar da wani. Shi ya sa ake ba kowane shimfiɗin ƙasa da kowane rami lambarsa da takardarsa, a zana shi a ɗau hoto a rubuta wanne ya yanke wanne. A 1973 wani masani, Edward Harris, ya fito da hanyar zana wannan jerin a takarda ɗaya ta yadda za ka bi daga na ƙarshe zuwa na farko, kuma har yau da ita ake aiki a wurare da yawa. Ranar da aka yi awa biyu ana tono ana iya yin awa huɗu ana rubutu, kuma ni ban ga laifin haka ba ko kaɗan, rubutun shi ne abin da zai rage bayan ramin ya tafi.

Ƙasar da aka kwashe ma ba a zubarwa haka nan. Ana tankaɗe ta da rariya, wata kuma a zuba a ruwa a motsa, ƙonannun ƙwayoyin hatsi da gawayi su taso sama a tace su. Waɗannan 'yan baƙaƙen ƙwayoyi da ba su kai kan ashana ba sau da yawa sun fi mutum-mutumi amfani wajen sanin shekaru. Duk abu mai rai yana shan wani nau'in kabon mai raguwa, da ya mutu sai ya daina sha, wanda ke jikinsa ya riƙa raguwa da rabi duk shekara 5,730. Wani masani Ba'amurke, Willard Libby, shi ne ya fito da wannan awo a ƙarshen shekarun 1940 har ya samu kyautar Nobel a 1960, kuma yana aiki har zuwa wajen shekara 50,000. Amma abin da awon ke faɗa shi ne lokacin da abin ya mutu, ba lokacin da aka yi amfani da shi ba. In aka ƙona tsakiyar tsohuwar bishiya mai shekara ɗari uku, gawayin zai girmi wutar da shekara ɗari uku. Don haka an fi son ƙwayar hatsi, ita shekara ɗaya take yi. Kuma in ba a san ainihin shimfiɗin da ƙwayar ta fito ba to lambar da ɗakin gwaji zai bayar ba ta da wani amfani.

Nan ne zancen Nok ke taɓa ni sosai. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara fito da kawunan yumɓu a kudancin Kaduna, wani masani ɗan Ingila, Bernard Fagg, ya fara tattara su a shekarun 1940, duniya ta san sunan. Amma da masu bincike daga jami'ar Frankfurt tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya suka fara dogon aiki a yankin a 2005, mafi yawan wuraren da suka je sun tarar masu haƙa don sayarwa sun riga su, ramuka ko'ina. Kawunan suna can a hannun masu tarawa a ƙasashen waje, kyawawa, amma ba wanda ya san ko a kabari aka ajiye su ko a ɗaki ko an fasa su da gangan ne. Ɗan abin da aka sani na gaske daga wuraren da suka tsira ya fito, cewa mutanen sun noma gero, cewa sun zauna a yankin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a 2021 aka buga binciken da ya gano ragowar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu. Tsingaron da mai haƙa ke watsarwa gefe kenan. Ni ba na ɗora laifin duka a kan talakan da ya shiga rami don ɗan abin da zai samu, babban laifin yana wajen mai saye da dillalin da ke tsakiya. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana irin wannan fatauci, amma ko an dawo da kan, bayanin da aka watsar a bakin rami ba ya dawowa.

Matsala ta biyu tana farawa ne daidai lokacin da abu ya fito. Abin da ya shekara dubbai a cikin danshi ɗaya da duhu ɗaya ya saba da wurin, iska da rana su ne maƙiyansa. Sojojin yumɓun Sin da fenti aka binne su, amma da aka buɗe na farko sai fentin ya riƙa nannaɗewa yana zubewa cikin 'yan mintoci, yana daga cikin dalilan da har yau ba a buɗe ainihin kabarin sarkin da aka yi su dominsa ba. Icen da ya jiƙe kuma ruwa ne ke riƙe da siffarsa, in ya bushe haka kawai sai ya tsage ya lanƙwashe. Jirgin ruwan Vasa na Suwidin da ya nutse a 1628 aka ciro shi a 1961, shekara 17 aka yi ana fesa masa wani sinadari mai kama da kaki don ya maye gurbin ruwan. Kwale-kwalen Dufuna mai tsawon sama da mita takwas da shekara kusan 8,000, da aka tone shi a 1994 irin wannan kulawa ya buƙata. Saboda haka kafin a tona dole a tambaya, akwai kuɗin adanawa, akwai ɗakin ajiya, akwai wanda zai duba shi bayan shekara ashirin? In babu, barinsa a ƙasa ya fi masa.

Wani lokaci ma mayarwa ake yi. Sawun ƙafa na Laetoli a Tanzaniya mai shekara miliyan 3.6, da tawagar Mary Leakey ta gano a 1978, bayan an auna an ɗau hoto sake rufe shi aka yi da yashi da duwatsu. Ko hakan ma sai da bishiyoyi suka tsiro a kai saiwarsu ta fara ɓarna, aka koma a tsakiyar shekarun 1990 aka sake binnewa da shimfiɗu masu hana saiwa. Kogon Lascaux na Faransa mai zanen mutanen da a bangonsa kuwa baƙi ne suka kusa kashe shi, an buɗe wa jama'a a 1948, numfashi da ɗumin jikin mutane suka kawo gansakuka a kan zanen, dole aka rufe a 1963 aka gina kwafinsa a kusa.

Gyaran gini ma yana da nasa haɗarin, kuma sau da yawa da kyakkyawar niyya ake ɓarnar. A ɗauki tsohon ginin ƙasa a shafe shi da siminti wai don ya daɗe, siminti ya hana bangon fitar da danshi, ruwa ya taru a ciki, wata rana ɓawon ya faɗo da rabin bangon. Ginin ƙasa yaɓe yake so a kai a kai, shi ya sa babban masallacin Djenne a Mali yake tsaye, duk shekara mutanen gari na fitowa su yaɓe shi. Da aka rusa hubbarorin Timbuktu a 2012, maginan garin ne suka sake gina su da irin kayan da aka saba, kuma a 2016 kotun duniya ta ICC ta yanke wa Ahmad al-Faqi al-Mahdi ɗaurin shekara tara a kan rusawar. In babu maginan da suka gaji sana'ar da ba a san yadda za a yi ba, don haka kula da su yana cikin kula da ginin.

A yau abin da ya fi cinye kufai ba ɓarayi ba ne kaɗai, tituna ne da madatsun ruwa da haƙar ma'adinai da sabbin unguwanni. An taɓa yanka haikalin Abu Simbel na Masar gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi mita 65 tsakanin 1964 da 1968 don kada ruwan madatsar Aswan ya shanye shi, wannan aikin ne ya share hanyar yarjejeniyar wuraren tarihi na duniya ta 1972. Amma ba kowane wuri ne zai samu irin wannan gata ba. Abin da ya fi aiki shi ne doka mai cewa a duba fili kafin katafila ta shiga, kuma mai aikin ginin ne zai biya kuɗin dubawar, kamar yadda Ingila ta fara a 1990 kuma ƙasashen Turai suka amince a birnin Valletta na Malta a 1992. In an ga abu tun a taswira, karkatar da titi da mita ɗari ba wani abu ba ne, amma in sai da aka zuba kwalta sannan aka ji labari to ba sauran abin yi.

Akwai kuma ɓarnar da masanan kansu ke yi, wadda ba a cika faɗa ba. A tona wuri da kyau, a cika akwatuna, kuɗin aiki ya ƙare, rahoto bai fito ba, shugaban aikin ya yi ritaya ko ya rasu, takardun su ɓace, lambobin da aka rubuta a jikin leda su goge, ɗakin ajiya ya yi yoyo. Wannan da haƙar ɓarawo sakamakonsu kusan ɗaya ne. Shi ya sa nake ganin bai kamata a ba kowa izinin buɗe sabon rami ba sai ya buga rahoton na baya, ya ajiye kwafin bayanan a wuri fiye da ɗaya, sannan ya koma wajen mutanen da ke zaune kusa da kufan ya faɗa musu abin da aka gano da harshen da suke ji, tunda su ne za su ga baƙon da ya zo da diga da daddare, kuma su ne za su yanke shawarar ko su kai rahoto ko su yi shiru.